Kirsimetin bana: a rage girki ko a bar al'ada yadda take?

Maman Godiya, Jos

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, na ce bari in kawo ta nan tun Disamba bai yi nisa ba.

Bara tun ranar 22 na fara aikin Kirsimeti. Na kwaɓa fulawar cincin mudu 6, na murza, na yanka, na soya har ƙarfe ɗayan dare. Ranar 23 cefane. Ranar 24 na jiƙa shinkafar masa, na gyara kaji, na haɗa zoɓo da kunun zaƙi, na goge kayan yara. Ranar 25 ƙarfe huɗu na asuba na tashi, cikin sanyin nan na Jos mai ƙage yatsu, na hura gawayi. Da maigida da yara suka shirya za su tafi sujada, ina tsugune gaban tukunya ta uku. Na ce su yi gaba, ina nan tafe. Ban je ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Godiya. Shekararta 7, ita aka ba mala'ika a wasan yaran makarantar Lahadi. Sati uku tana haddace saƙon da aka kai wa makiyaya a Luka sura 2, ni ke riƙe mata takardar ina gyara mata. Da suka dawo ta tsaya a bakin kicin da fukafukanta na kwali, ɗaya ya karye, ta ce, "Mama, na duba wurin matan zumunta ban gan ki ba." Na ce ta matsa kada mai ya fallatsar mata. Amsar da na ba 'yata ke nan a ranar. Sai da dare ya yi, ina wanke-wanke, maganarta ta dawo mini, na zauna a kan turmi na yi kuka.

Janairu kuma ta zo da kuɗin makaranta, ga bashin mai shago, ga na tela. Sai ƙarshen Maris muka huce.

Bana ga abin da nake so. Tukunyar shinkafa ɗaya da miya ɗaya. Cincin mudu 2. Ba sabon anko, sai dai a yi wa yara ɗinki ɗaya ɗaya. Adon ɗaki mu yi da hannunmu ni da yara. Kowa ya je sujada, har da ni. Ranar 26 mu zauna gida, ba yawo. Maigida bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma da surukata ta ji, cewa ta yi, "Me mutane za su ce? Gidan nan ba a taɓa shigowa ranar Kirsimeti an fita da yunwa ba."

Ku faɗa mini gaskiya, rowa ce nake shirin yi ko kuwa?

Rifkatu, Sabon Tasha

Wayyo Maman Godiya, kamar kin leƙa gidana kika rubuta. Ni bara ƙarfe biyar na yamma na ci abincin farko, a tsaye, ƙanzon tukunya. Ba rowa ba ce. Gajiya ce.

Baban Ishaku, Kaltungo

Uwargida, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya saka. Amma ni kam ina bayan surukarki, kuma zan faɗi dalilina.

Abincin Kirsimeti ba na cikinmu ba ne. A unguwarmu gida 14 muke kai wa kwano, 9 daga ciki na Musulmi ne. Da Babbar Sallah su ma sai firjinmu ya cika da nama. Akuyar da nake saya, maƙwabcina nake kira ya yanka mini ita, don kowa ya ci hankali kwance. Haka na taras mahaifina yana yi. A garuruwan da muka ga abin da muka gani, wannan kwanon da yaro ke ɗauka ya tsallaka titi ya fi taron zaman lafiya goma aiki. Zumunta a ƙafa take. In aka fara ragewa, bana gida biyar, baɗi gida biyu, wata rana yaranmu ba za su san ƙofar gidan maƙwabci ba.

Kuma ku duba Nehemiya 8:10. A ranar murna an umarci jama'a su ci mai kyau, su sha mai zaƙi, su aika wa wanda bai tanadi komai ba. Sau ɗaya ne a shekara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Maman Godiya, Jos

Baban Ishaku, na gode, kuma ban ƙi maganar maƙwabta ba, mu ma muna kaiwa. Tambaya ɗaya nake da ita cikin ladabi. Kwanon gida 14 ɗin nan, wa ke dafawa? Kuma Maman Ishaku tana samun zuwa sujada ranar?

Rifkatu, Sabon Tasha

Yawwa. Muna jiran amsa, Baba.

Kaka Saratu, Wusasa

Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. 'Ya'yana, ku bari tsohuwa ta sa baki.

Wannan da kuke kira al'ada, ni na girme ta. Muna yara a nan Wusasa, Kirsimeti ba ta da tukunya uku. Shinkafa kanta baƙuwa ce, ranar ce ake ganinta, shi ya sa muke ɗokinta. Zakara ɗaya Baba ke ware wa tun damina, mu yi ta ba shi tsaki muna cewa na Kirsimeti ne. Ranar jajibere Inna ta yi miyarta ta gama tun da hasken rana. Da safe ta dafa shinkafa, ta zuba a 'yan kwanonin samira, ta rufe da faifai, mu kai gidajen dangi da maƙwabta kafin a buga ƙararrawa. Ba cika kwano ake yi ba. Ludayi biyu ne da tsoka ɗaya a sama, kuma ba wanda ya taɓa rainawa. A danginmu akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, kwano ɗaya ke zagaya mu duka.

Daga nan kowa sai coci. Tsohon cocinmu na ƙasa, St. Bartholomew, wanda magina Hausawa suka gina bayan mishan ta taso daga cikin birnin Zariya a 1929. In ka shiga da safiyar hunturu sai ka ji ɗumin ginin ƙasa ya rufe ka. Inna tana nan a layin mata da sabon kallabinta. Ban taɓa tuna Kirsimetin da na waiga ban gan ta ba.

Abin da na fi tunawa kuwa ba abinci ba ne. Daren 24 ne. Baba ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa, tsohuwar fassarar nan ta 1932 da bangonta ya sha hannu har ya yi laushi. Ya karanta mana haihuwar Yesu a hankali, in ya kai wurin sakarkari sai ya tsaya ya tambaye mu ko mun san abin da ake zuba wa dabbobi a ciki. Mu da muke kiwon awaki, mun sani. Sai ya ce to, nan aka kwantar da shi. Mu yi waƙa biyu, Inna ta yi addu'a, a kashe fitila. Yanzu na haura 70, ƙamshin kananzir ɗin nan bai bar hancina ba.

Don haka ɗana Baban Ishaku, gaskiyarka a kan kai kwano, kada a daina. Ke ma 'yata, gaskiyarki. Abin da ya canza shi ne kwanon ya zama kula, kula ta zama gasa. Daidai ruwa daidai tsaki. Surukarki in ta tuna ƙuruciyarta da kyau, za ta ga abin da kike so ya fi kusa da na iyayenta.

Maman Godiya, Jos

Kaka, na karanta sau uku. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. A gaishe da mai rubutu.

Yakubu, Kafanchan

Ni fa tambayata daban ce. Ina aka rubuta 25 ga Disamba a cikin Littafi Mai Tsarki? Babu. To don me za mu kashe kanmu a kan ranar da mutane suka zaɓa?

Baba Fasto, Bauchi

Salamar Ubangiji ta kasance da ku duka. Yakubu ɗana, gaskiya ne ba a rubuta ranar ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum take, ta shekara ta 336. 'Yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar kuwa 7 ga Janairu suke yi. Manzo Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa sura 14: mai girmama wata rana ya girmama ta saboda Ubangiji, kada wani ya hukunta wani. Ranar ba farilla ba ce, amma abin da ake tunawa a cikinta shi ne tushen bangaskiyarmu. Kada mu bar zancen Maman Godiya ya ɓace a nan.

Akwai aya guda da ba a cika wa'azi a kanta ba, Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa. In kun koma Littafin Firistoci 12:8 za ku ga wannan hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce. Gidan da aka haifi Mai Ceto a cikinsa bai ci bashi don ya yi kamar masu hali ba. Ya kawo abin da yake da shi, Allah kuma ya karɓa.

Sai kuma wata magana da ta shafe mu maza, har da ni. Mun saba ɗauko labarin Marta da 'yar'uwarta Maryamu mu yi wa mata faɗa da shi, wai sun bar sauraron Magana sun tafi hidima. Amma da an tashi sujada mu ne farkon tambayar ina abinci. Ba adalci ba ne ka ɗora wa mace girkin mutum 50 sannan ka zarge ta da rashin zuwa coci. Shekara da shekaru ina tsayawa a kan bagade ranar Kirsimeti ina ganin kujerun mata rabi babu kowa, ranar da ya kamata a ce tulu da kacau-kacau na matan zumunta sun fi kowace rana tashi. Na daɗe ina ɗauka sakaci ne. Mama Fasto ce ta buɗe mini ido, ta ce in je in leƙa bayan gidajen membobina da ƙarfe tara na safe in ga inda suke.

Malam Dauda, Zonkwa

Tunda manya sun yi maganar girki, bari ni malamin firamare in ɗauki ɓangaren ado, don nan ne na ga Maman Godiya ta kama hanya mai kyau.

Mu a Katolika muna yin ɗan garken haihuwa, wato siffar wurin da aka haifi Yesu, a coci da gida. Waliyi Faransis na Asisi ne ya shahara da shi, a wani ƙauyen Italiya mai suna Gireciyo a 1223, inda ya sa aka kawo komi da ciyawa da sa da jaki na gaske don talakawa su gani da idonsu. To mu da ke zaune cikin kara da ciyawa, me zai kai mu sayen na roba?

Ga yadda muke yi da yarana. Yanzu kaka ta wuce, karan dawa ko'ina. Ka feƙe ɓawon da reza ya fito siri-siri, cikin nan mai laushi ka yanka gunduwa-gunduwa, sai a riƙa soka ɓawon a ciki, daidai yadda muke ƙera motar kara da tabarau muna yara. Da haka ake tayar da rumfar, a yi mata jinka da busasshiyar ciyawa. Rezar a hannun babba take zama, ɓawon kara yana yanka yatsa fiye da yadda ake zato. Mutane da dabbobi kuma da yumɓu. Sirrin yumɓu biyu ne: a cuɗa shi da ɗan ƙaiƙayi, kuma a shanya a inuwa cikin ɗaki. In ka sa a rana da iskar hunturun nan, kafin yamma raƙumi ya rabu da wuyansa. Tumaki a manna musu auduga. Kayan Maryamu da Yusufu kuwa ƙyallayen da tela ke zubarwa ne, ka roƙa zai cika maka leda.

Ba a yi a rana ɗaya. Muna bin makonni huɗun nan na shiri kafin Kirsimeti. Lahadin farko rumfa, na biyu dabbobi, na uku makiyaya, na huɗu Yusufu da Maryamu. Komin yana nan wayam har daren 24, sannan autanmu ya sa jaririn. Bara da hannu biyu ya ɗauko shi yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, gidan ya yi tsit ba wanda ya ce a yi shiru. Masanan nan na gabas da suka kawo wa jaririn kyautai kuma a kan taga suke farawa, kullum yara su matso da su kaɗan, sai 6 ga Janairu suke isowa.

Wata shekara 'yata ta ƙera wa Maryamu turmi da taɓarya, ta ce ai mai jego sai da kunu. Na bar shi a wurin, har yau yana cikin kayan.

Gargaɗi ɗaya: kada a kunna kyandir kusa da shi. Kara da ciyawa ne, ga iska. Ƙaramar tocila ta isa.

Murna, ɗaliba a Zariya

Iyayena ku yi haƙuri in faɗi namu laifin. Rabin matsin nan daga wurinmu yake. Muna ganin hotunan mutane a Facebook da Instagram, iyali duka kaya iri ɗaya, bishiya har rufi, sai mu zo mu tasa Mama a gaba. Bara na yi fushi kwana biyu saboda leshi. Na sa shi awa huɗu, na ɗauki hoto, yana cikin akwati har yanzu. Daga baya na gane kuɗin adashenta ne da ta so ta ƙara jari. Ban taɓa ba ta haƙuri ba, amma zan yi in na koma hutu.

Malam Dauda, ƙannena ba su san motar kara ba sam. Zan gwada da su.

Maman Nanret, Bokkos

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ban so in ɓata muku hira.

Mu natsuwa tana da wata ma'ana a wurinmu. Kirsimetin 2023, da aka shiga ƙauyukanmu na Bokkos da Barikin Ladi, an kashe mutane fiye da 100. Shinkafata tana jiƙe, kajina a gyare, muka bar su muka kwana a daji da yara. Ba zan ba da labarin sauran ba.

Tun daga lokacin ba na iya jin ƙarar banga, abin fashewar nan da yara ke wasa da shi lokacin Kirsimeti. Yaro ya fasa a bayan gida, sai in ga ɗana ɗan shekara 9 ya shige ƙarƙashin gado. Ina roƙon iyaye, in akwai waɗanda suka yi gudun hijira a unguwarku, ku hana yaranku wannan abin.

Maman Godiya, ki je ki ga 'yarki tana wasanta. Ki zauna a gaba inda za ta gan ki. Shinkafa ko washegari an dafa.

Baba Fasto, Bauchi

'Yata, ba ki ɓata komai ba. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya warkar da yaron nan, ya tsare ku a wannan lokaci. Maganar banga zan sanar da ita a coci ranar Lahadi.

Rifkatu, Sabon Tasha

Maman Nanret, muna tare da ku cikin addu'a. Na riga na yi wa yarana alkawarin kuɗin banga, yau zan zaunar da su in gaya musu dalilin da ya sa na fasa.

Issoufou, Galmi

Gaisuwa daga Nijar. Allah ya ba ku haƙuri, mutanen Filato.

Mu nan ba mu da yawa, ko da yake asibitin mishan yana garinmu tun 1950, kuma ranar Nowel, wato Kirsimeti, hutu ce a ƙasa duka. Ƙarancinmu ya koya mana wata dabara da za ta iya yi muku amfani. A ekklisiyarmu ba kowane gida ke fama shi kaɗai ba. Muna yin watanda: gidaje su haɗa kuɗi tun watanni kafin lokaci, a sayi sa guda, a yanka ranar 24, a kasa. Maza ke fiɗa da kasawa, samari ke ɗebo ruwa da faskare, albasa kuwa kun san a Galmi ba a sayen ta da tsada. Bayan sujada a ci tare a farfajiyar coci, kowane gida ya kawo tukunya ɗaya. Wanda ya kawo shinkafa da wanda ya kawo dambu duk tabarma guda. Gwauruwa da baƙo ba sa jin kunya, don ba a san na wa aka ci ba. Kason maƙwabta kuma ɗanye muke aikawa da yawansa, kowa ya dafa yadda yake so. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Anti Laraba, Kagoro

Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya taɓo inda gizo ke saƙa. Suruka.

Ƙanwata Maman Godiya, kada ki kuskura ki je mata da "na yanke shawara". Kuma ba bakinki ya kamata ta ji zancen ba, bakin ɗanta ne. Shirun nan da maigidanki ya yi, jira yake ku ƙare tsakaninku ya bi wanda ya yi nasara. Ki same shi da dare bayan yara sun kwanta, ki kawo takardar bashin bara, ki faɗa masa abin da Godiya ta ce a bakin kicin, kalma da kalma. Ina tabbatar miki bai sani ba.

Ita kuma Mama, tsoronta ba na abinci ba ne. Tsoronta kada a ce gidan ɗanta ya talauce, ko matarsa ta raba shi da mutane. To ki ba ta girmanta a hannu. Ki ce, "Mama, ki zaɓa mana gidajen da ba za a tsallake ba." Ki roƙe ta ta yi miyar da hannunta, ki ce taki ba ta kai tata ba. Daren 24 kuma a ce ita za ta ba jikoki labarin Kirsimetin ƙuruciyarta. Tsohuwar da aka ba wuri ba ta faɗa.

Ni ma sai da na sha wannan. Mu nan ga Kirsimeti, ga bikin Afan, bikin gargajiyarmu na Kagoro, ranar 1 ga Janairu, baƙi daga Kaduna da Abuja ba sa yankewa har kwana goma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na cefane suka tashi, na ce wa 'yan'uwa duk mai zuwa ya riƙo mudunsa. An yi gunaguni shekarar farko. Yanzu har tambaya suke me za su kawo.

Abu ɗaya da ban yarda da ke ba shi ne rufe ƙofa ranar 26. Yara suna jiran yawon Kirsimeti shekara guda, su sa sabon kaya su gaida kakanni da iyayen gida a ba su 'yan kuɗi da cincin. Ke ki huta, su a bar su su je tare da babansu.

Baban Ishaku, Kaltungo

Na yi shiru kwana biyu saboda tambayar Maman Godiya ta tsaya mini a wuya. Ban san amsarta ba, sai na je na tambayi mai ɗakina. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce rabonta da sujadar safiyar Kirsimeti tun kafin a haifi Ishaku. Ishaku yanzu shekararsa 16. Kullum ina zaune a layin dattawa, ban taɓa waigawa na lura ba. Na ji kunya ƙwarai.

Har yanzu ina kan bakana, gida 14 ɗin nan ba za a rage ko ɗaya ba. Amma mun zauna mun sake tsari. Akuya za a yanka ranar 23. Ni da samarina uku mu ne fiɗa, wanke nama, ɗebo ruwa, kai niƙa da wanke tukwane. Rabin gidajen za a kai musu ɗanyen nama da cincin ranar 24, dabarar ɗan'uwanmu na Galmi. Sauran a kai musu dafaffe da yamma bayan an taso sujada, ba wanda ya ce dole sai da safe. Na kuma gaya wa abokaina masu zuwa cin rana cewa ƙarfe uku ne, ba sha biyu ba.

Ta ce za ta gani a ƙasa.

Kaka Saratu, Wusasa

Madalla da kai, ɗana. Ka sayo mata sabon kallabi.

Yakubu, Kafanchan

Baba Fasto, na karanta Romawa 14 ɗin. Na karɓa. Ni dai a gidana tuwon acca za mu ci ranar, shi muka noma.

Maman Godiya, Jos

Na dawo da labari. Anti Laraba, na bi shawararki. Da na faɗa wa maigida maganar Godiya, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ya ɗauka ni ce ba na son fita ranar. Jiya bayan sujada ya je wurin Mama shi kaɗai. Ban san abin da suka tattauna ba, amma da yamma ta kira ni ta lissafa gida 6, ta ce waɗannan ko ana ha maza ha mata sai an kai. Cikinsu har da wata gwauruwa a bayan layinmu da ban taɓa kai wa ba. Miya kuma ta ce ita za ta yi ranar 24, kada in taɓa mata daddawa. Cincin dai ta ƙi mudu 2, mun tsaya a 3. Ranar 26 yara za su fita da babansu, na yarda.

Bana Godiya makiyayi aka ba ta, ta ce sai an samo mata sanda. Maman Nanret, na riga na gaya wa shugabar zumunta ta ajiye mini wuri a layin gaba. In kina da hali ki turo mini saƙo ta gefe, akwai abin da yarana suke so su aika wa ɗanki.

Malam Dauda, mun samo kara daga wani mai gona a hanyar Bukuru, rumfa ta tsaya. Amma tumakinmu uku duk sun tsage, kuma audugar ta ƙi zama. Da me kuke mannawa?

Malam Dauda, Zonkwa

Fulawa cokali biyu a ruwa rabin kofi, a dama a wuta kaɗan har ta yi kauri kamar koko, a bari ta huce. Amma sai yumɓun ya bushe sarai, kwana uku a ƙalla. Waɗanda suka tsage kada a zubar, a jiƙa su a sake cuɗawa da ƙaiƙayi. Kuma ku yi ƙafafun gajeru masu kauri, ko ku yi su a kwance.